Babi na Shida: Tiraka da Na'urar Hana Tashi

Na'urorin lantarki da ake ɗaura wa babur don gudun sata iri biyu ne, ko da yake a bakin masu shago da masu wayarin duk sunansu ɗaya, "sikiriti". Ta farko tana hana inji tashi a hannun wanda ba shi da izini. Ta biyu, wadda aka fi sani da tiraka, ba ta hana kowa komai. Iyakarta ta gaya wa mai babur inda babur ɗinsa yake. Aikin ta farko yana ƙarewa da zarar babur ya bar inda aka ajiye shi, a daidai lokacin da aikin ta biyu yake somawa. Mutane da yawa sukan saya ba tare da sun rarrabe su ba, sai ranar da aka yi musu ta'asa sannan su gane abin da suka ɗaura bai dace da irin ɓarawon da ya zo musu ba.

Shi ya sa zaɓi yake farawa daga sanin yadda ake satar. Wadda ta fi yawa ita ce ta wurin ajiya: ƙofar masallaci ranar Juma'a, bakin kasuwa, harabar asibiti, wurin ɗaurin aure, gidan kallon ƙwallo. A irin waɗannan wurare babura sukan yi layi rututu, kusan duk kala ɗaya, kuma ba mai kula da wanda ya sunkuya a kan wani babur kamar mai laluben makulli. Wannan ɓarawon ɗan lokaci kaɗan gare shi. Makullin da ƙaramin babur ya zo da shi daga kamfani ba ya tsayar da shi, makullin wuya kuma da ƙarfi ake karya shi, amma duk abin da zai ƙara masa minti biyu ko uku yakan sa ya matsa ga na kusa. Akwai satar dare, a zaure ko tsakar gida, inda ba a ko tayar da inji: turawa ake yi sannu-sannu har a yi nisa, ko a ɗaga a jefa a bayan a-kori-kura. Babur irin Bajaj Boxer bai kai kilo 150 ba, ƙarti biyu ko uku sun ishe shi. Sai mafi muni, ƙwace, wanda 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu suka fi haɗuwa da shi: fasinja ya ce a kai shi bayan gari, a can abokansa suna jira. A nan babur yana tafiya ne da makullinsa a jiki, injinsa yana aiki.

Ƙananan baburan haya irin su Boxer, Jincheng, Haojue da TVS sun fi manyan babura masu tsada shiga ido, domin sun fi saurin shigewa. Suna ko'ina, kayan wannan suna hawa wancan, kuma in aka warware babur gunduwa-gunduwa ba mai iya cewa wannan tankin ko waccan ƙafar daga ina suka fito. A arewa maso yammacin Najeriya an samu ƙarin masu buƙata, wato 'yan bindigar daji, waɗanda babur shi ne abin hawansu.

Na'urar hana tashi

Asalin wannan na'ura daga kamfani take zuwa. A cikin kan makulli akwai wani ɗan ƙwaya na lantarki wanda ba ya buƙatar batir. A bakin ramin makulli kuma akwai zoben waya da ke karanta lambar da ke cikin ƙwayar ya miƙa wa ƙwaƙwalwar inji, wadda makanikai ke ce wa birenbos. In lambar ba ta yi daidai ba, ƙwaƙwalwar ba za ta ba da wuta ko mai ba, ko da an fasa ramin makullin an haɗa wayoyi. Honda tana kiran nata tsarin HISS, wasu baburan Yamaha kuma suna zuwa da jan makulli guda ɗaya wanda da shi ake yi wa sauran makullan rajista; wanda ya ɓatar da shi yakan sha wahala da kashe kuɗi. A motoci an daɗe da tabbatar da amfanin tsarin. Jamus da Birtaniya sun wajabta shi a kan sababbin motoci a 1998, kuma wani bincike da masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, suka wallafa a 2016 ya kiyasta cewa ya rage satar mota da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Sai dai wannan labarin mota ne, wadda ba a ɗagawa a gudu da ita, kuma labarin inji mai ƙwaƙwalwa ne. Yawancin ƙananan baburan da ke yawo a Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram kafireto gare su da ɗan akwatin CDI mai ba filogi wuta. Ba su da abin da zai tambayi makulli lamba. Saboda haka abin da ake ɗaura musu daga baya makunni ne kawai da ke katse wata waya, ko da wane suna aka sayar da shi. Wani maɓalli ne da ake ɓoyewa inda mai babur kaɗai ya sani, wani rimot ne mai jiniya, wani kuma ɗan kati ne ko ɗan ƙwaya da ake sawa a aljihu, in ya yi nisa da babur sai inji ya ƙi tashi. Bambancinsu na farashi yana da yawa, amma abin da ke raba mai kyau da marar kyau shi ne wace waya aka katse, da kuma yadda aka ɓoye katsewar.

Batun wayar da aka katse shi ne inda aka fi tafka kuskure. Na'urar da ke katse wayar sitata kaɗai ba ta da wani amfani a babur mai kiki, domin da ƙafa za a tayar da shi, ko a tura a sa giya. Da yawa daga cikin waɗannan baburan ma suna tashi ko batir ya mutu murus. Dole katsewar ta kasance a kan wutar da ke zuwa filogi. Haka nan abin da ake rubutawa a jikin kwali, wai na'urar tana "yanke mai", an yi shi ne don mota mai famfon mai na lantarki. A ƙaramin babur mai daga tanki yake gangarowa da kansa, babu famfon da za a kashe. Tsohuwar dabarar makanikai ta ɓoye wani famfon hannu a kan tiyon mai tana da nata amfanin: ɗan man da ya rage a kafireto zai kai ɓarawo 'yar tafiya kaɗan, sai babur ya mutu masa a tsakiyar titi, inda ba zai so tsayawa bincike ba.

Game da ɓoyewa, sikiritin araha yakan zo da akwati ɗaya mai soket, da wayoyi kala-kala waɗanda duk yaron makanike ya san ma'anarsu. Mai buɗe murfin gefe ya cire soket ɗin ya haɗa waya biyu ya gama. Masu inganci sukan zo da wayoyi baƙaƙe duka, su katse hanyar wuta a wuri biyu daban-daban, a kuma nannaɗe su a cikin asalin damin wayoyin babur yadda ba za a gane sabo da tsoho ba. Ya kamata a fi son wadda ke kulle kanta da kanta 'yan daƙiƙu bayan an kashe inji, domin mai sauri ya samu jam'i ba kullum yake tuna danna rimot ba. Ita kuwa kwalliyar nan ta tayar da babur daga nesa da rimot, gara a haƙura da ita. Kafin ta yi aiki sai an kewaye makulli da wata waya, wato an riga an yi wa ɓarawo rabin aikinsa.

Jiniya tana da amfani a gida da dare. A bakin kasuwa kuwa, inda kowane yaro ya jingina sai ta yi kuka, mutane sun daɗe da daina waiwayawa. Abu na ƙarshe da za a tambaya kafin saye shi ne yadda za a yi in na'urar ta lalace ko rimot ya ɓata a kan hanya. Wadda ba ta da hanyar buɗewa ta gaggawa, lambar sirri ko wani maɓallin ɓoye, wata rana mai babur ɗin za ta hana tafiya.

Yadda tiraka take aiki

Akwai masu zaton tauraron ɗan'adam ne yake hango babur daga sama. Ba haka abin yake ba. A cikin tiraka akwai sassa biyu. Ɗaya saurare kawai yake yi: yana karɓar saƙon lokaci daga taurarin GPS na Amurka, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,200, kuma in ya ji aƙalla huɗu daga cikinsu sai ya lissafa inda yake. A fili, kuskurensa bai wuce 'yan mitoci ba. Sababbin na'urori suna haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin, abin da ke sa su saurin gane wuri a tsakanin dogayen gine-gine. Ɗaya sashen kuma wayar salula ce marar fuska, da layinta a ciki, ita ke aika wannan lissafi zuwa wayar mai babur. In ɗayansu ya gaza, tiraka ta zama ƙarfe.

Saƙon tauraro yana isowa ƙasa da rauni ƙwarai. Roba da soso da gilashi ba sa tare shi, amma ƙarfe da kankare suna tarewa. Babur da aka shigar cikin shagon kwano, ko kwantena, ko ƙasan bene, yakan ɓace daga taswira ko ya riƙa tsalle-tsalle. A irin wannan hali na'ura mai kyau tana komawa ga kimanta wuri daga ƙarafan sabis da ke kusa. Wannan kimantawa a cikin birni takan nuna unguwa, a karkara kuwa kuskurenta yakan kai kilomitoci. Duk da haka wurin ƙarshe da aka gani kafin babur ya shiga rufi, da hanyar da ya bi zuwa can, su ne sukan kai ga gano shi. Don haka na'urar da ke adana tarihin tafiya, ta aika shi daga baya in sabis ya dawo, ta fi wadda sai an tambaye ta take amsawa.

Sabis shi ne babbar matsala a wannan yanki. Layin da za a sa ba wanda mai shago yake da shi a aljihu ba ne, wanda ya fi ƙarfi ne a ƙauyuka da hanyoyin da ke kewaye da garin, domin can za a nufa da babur. A watan Satumba na 2021 an rufe sabis ɗin waya a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Duk tirakar da ke waɗannan wurare ta yi shiru har aka buɗe. Iyakar ƙasa ma haka take. Daga Katsina zuwa Jibiya bai kai tafiyar awa ɗaya a babur ba, Illela kuma tana kallon Birnin Ƙonni. Layin da ba a buɗe masa aiki a ƙetare ba yana mutuwa jim kaɗan bayan tsallakawa, ko daga Najeriya zuwa Nijar ko daga Nijar zuwa Najeriya. Wasu kamfanoni suna ba da layi na musamman mai hawa sabis ɗin kamfanoni da yawa, ya fi tsada, amma ga mazaunin bakin iyaka shi ne abin nema. Ya kamata kuma a duba irin sabis ɗin da na'urar take kamawa. Mafi araha 2G kaɗai suka sani, wanda har yanzu yana da faɗi a Najeriya da Nijar amma wasu ƙasashe irin su Ostireliya da Singafo sun riga sun rufe shi. Mai haɗa 4G da 2G ta fi tsawon rai.

Layin da ke cikin tiraka layi ne kamar kowane. Tun Disamba 2020 hukuma ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN a Najeriya, kuma layin da ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba kamfani yana rufe shi ya sayar wa wani. Tun da yana ɓoye a cikin babur, ba mai tunawa da shi. Tirakar da ta fi yawan ba mutane kunya ba lalacewa ta yi ba, datarta ce ta ƙare watanni da suka wuce. Ya fi kyau layin ya kasance da sunan mai babur, kada ya kasance da sunan mai ɗaurawa, domin wanda ke da layi shi ke da iko da na'urar.

Yawancin tirakar da ke kasuwa daga birnin Shenzhen na ƙasar Sin suke zuwa, kuma suna aika bayanansu ne zuwa babbar kwamfutar wani kamfani, daga can manhajar waya take ɗauko su. In kamfanin ya rufe ko ya daina kula da manhajar, taswira ta tafi. Shi ya sa yake da kyau na'urar ta iya amsa saƙon tes kai tsaye, ko babu manhaja. Sannan akwai batun lambar sirri. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya bayyana cewa ya gano ƙananan tiraka wajen 600,000 da ke aiki da lambar da suka zo da ita daga masana'anta, 123456. A 2022 kamfanin BitSight ya gano kurakurai a wata tirakar mota mai suna MiCODUS MV720 waɗanda za su ba baƙo damar bin mota har ma ya kashe ta daga nesa, har hukumar tsaron intanet ta Amurka ta fitar da gargaɗi. Tirakar da ba a canza wa lamba ba tana iya zama jagorar ɓarawo zuwa ƙofar gida.

Batir, ruwa da wurin ɓoyewa

Batir ɗin ƙaramin babur ƙarami ne. A ɗauka mai amfiya-awa 5 ne, tiraka kuma tana jan miliamfiya 20 dare da rana: cikin awa 250, wato kwana goma da 'yan awoyi, ta shanye shi tas, kuma tun kafin nan sitata ta daina juyawa. Ɗan acaɓa da ke fita kullum ba zai ji wannan ba, amma ma'aikacin da ke ajiye babur ya yi tafiyar mako biyu zai ji. Abin tambaya shi ne ko na'urar tana barci in babur ya tsaya, ta farka in an motsa shi, da kuma nawa take ja a cikin barcin. Dole kuma ta kasance da ɗan batir nata na ciki, ta aika saƙo nan take in an cire mata wuta, domin abin da gogaggen ɓarawo yake fara yi ke nan. Akwai irin da ba a haɗa ta da wayar babur ko kaɗan, caji ake yi mata ta yi makonni. Ba ta da wayar da za a bi a gano ta, sai dai tana buƙatar mai tuna caji. Masu babur mai tsada sukan sa biyu, ɗaya a inda za a iya samu, ɗaya a inda ba za a yi zato ba, don wanda ya tsinci ta farko ya saki jiki.

Damina da masu wankin babur da ruwa mai ƙarfi suna kashe na'urar da ba a rufe ta da kyau ba. Alamar IP67 a jikin kwali tana nufin ƙura ba ta shiga, kuma na'urar tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Zafin inji da salansa kuma yana kumbura ɗan batir ɗin ciki, don haka a nisanta ta da su.

Wurin ɓoyewa a babur irin Boxer kaɗan ne, kuma ɓarawo ya san su duka: ƙarƙashin sit, cikin murfin gefe, bayan fitila. Ana so fuskar na'urar ta kalli sama ba ƙarfe a kanta, ana kuma so kada a gan ta, biyun nan ba sa haɗuwa da sauƙi. A nan gwanintar mai ɗaurawa ta fi sunan kamfanin na'urar muhimmanci. Aikin kirki da dalma ake like wayoyi, a sa fiyus, a nannaɗe yadda za su saje. Murɗa waya da hannu a naɗa salatif a kusa da tankin mai neman gobara ne. Mai ɗaurawar kuma ya zama wanda aka sani aka yarda da shi, a yi aikin a keɓe, ba a bakin titi yara na kallo ba. Da ɗan gari akan ci gari: wanda ya ɓoye na'ura ya san inda take, ya san lambarta, sau da yawa ya san gidan mai ita. Da an gama aiki a canza lambar sirri, a goge lambar wayarsa daga cikin masu iko.

Daga saƙo zuwa dawo da babur

A duk abin da tiraka take yi, babu mai daraja kamar faɗakarwa da wuri: saƙon cewa an motsa babur alhali inji a kashe yake, ko ya fita daga da'irar da aka zana masa a taswira. Babur mai gudun kilomita 60 a awa, in aka sace shi ƙarfe biyu na dare aka farga da asuba, ya riga ya bar jihar ko ya zama kayan gyara. Na'urar da ke buga waya ta fi mai aika tes, domin tes ba ya tayar da mai barci.

Tiraka da yawa suna zuwa da ɗan makunni da ke ba da damar kashe inji daga nesa, wato sun haɗa aikin na'urorin biyu. Yana da amfani, yana da haɗari. Kashe babur yana tsakiyar gudu a kan babbar hanya yana iya kashe wanda ke kai da wanda bai ji ba bai gani ba. Na'urori masu kyau ba sa bin umarnin sai gudu ya ragu sosai ko babur ya tsaya. A halin ƙwace kuwa, duk na'urar da za ta kashe inji a gaban mai shi, alhali masu makami suna tsaye a kansa, ta jefa shi cikin bala'i. Abin da ya dace shi ne a sakar musu babur su yi nisa, mutum ya tsira, sannan a nemi waya. Mai amfani da ɗan ƙwayar aljihu kada ya rataye shi a jikin makulli.

Ɓarayi ma suna koyo. Akwai 'yar na'urar toshe sigina da ke kurmantar da tiraka muddin tana kunne, ko da yake ba a barin ta kunne har abada. Wasu kuma sukan ajiye babur a wani lungu kwana ɗaya ko biyu su ga ko za a biyo shi. A Amurka, a shekarun 1980, tsarin LoJack ya bi wata hanya dabam, ta igiyar rediyo da motocin 'yan sanda ke iya bi har cikin gareji, amma irin wannan ba ya aiki sai inda aka raba wa 'yan sanda na'urorin karɓa. A Birtaniya cibiyar Thatcham, ta kamfanonin inshora, tana tantance tiraka a matakin S5 da S7, kuma a duka biyun akwai ofishin da ke sa ido dare da rana, ya kira mai abin hawa, ya yi magana da 'yan sanda. Abin da ake biya a can mutane ne masu amsa kira. Duk kamfanin da ya ce yana da irin wannan hidima a Kano ko Yamai, tambayar da za a yi masa ita ce wa zai ɗauki waya ƙarfe biyu na dare, kuma me zai yi bayan ya ɗauka.

AirTag na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2021, yana jan hankali saboda ƙanƙantarsa, batir ɗinsa yana kai wajen shekara, kuma ba ya buƙatar layi. Amma ba shi da GPS. Da wayoyin iPhone da ke wucewa kusa da shi yake dogara. A inda Tecno da Itel da Infinix suka cika hannun jama'a, yana iya yin kwanaki bai samu mai kai labarinsa ba. An kuma gina shi ya yi ƙara, ya sanar da wayar baƙon da yake tare da shi, don hana bibiyar mutane a ɓoye. Ya isa ƙari, bai isa madogara ba.

Ɗigo a taswira ba hujja ba ce a kan mutum. A unguwar da gidaje suke manne da juna, kuskuren mita goma ya isa ya nuna gidan maƙwabci, kuma an san abin da ihun "ɓarawo" yake jawowa a cikin taro. Tara abokai a bi sawu ya sha ƙarewa da asarar rai. Hanyar ita ce a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, a nuna musu taswirar tana motsi, a sanar da 'yan sintirin unguwa da ƙungiyar masu babura irin ACOMORAN. A nan takardu suke shigowa. Ko an samu babur, ba a miƙa shi sai an tabbatar da mai shi: rasit ɗin saye, lambar inji, lambar bodi, rajistar lamba. Hoton waɗannan a cikin waya, da wata alama ta ɓoye da aka buga a jikin ƙarfe, suna raba gardama in an canza fenti.

Wa ya dace da me

Wanda babur ɗinsa ke yini a wurin ajiya na jama'a, kuma kuɗinsa na abu ɗaya ne, katse wutar filogi da aka ɓoye da kyau tare da kwaɗon ƙafa sun fi masa tiraka mai araha. Wanda ke tsoron dare, sarƙa mai kauri da aka zarga ta cikin bodin babur aka ɗaure a ƙarfen da aka binne a siminti ita ce farko, domin babu na'urar lantarki da ke hana ɗagawa; tiraka mai buga waya tana biyo baya. Kwaɗon sarƙar kada ya kwanta a ƙasa, inda guduma za ta samu abin dokawa a kai. Ɗan acaɓa, wanda ƙwace ne babban haɗarinsa, tiraka ce tasa. Lissafin kuɗinta kuma ba farashin akwati kaɗai ba ne: akwai ladan ɗaurawa, kuɗin data ko na shekara-shekara, da batir ɗin babur da zai riƙa saurin gajiya.

Masu ba da babur haya ana kawo musu balas, da kamfanonin da ke sayar da babur ana biya mako-mako, su ne manyan masu sayen tiraka, kuma su ba ɓarawon waje kaɗai suke tsaro ba. Ya kamata direba ya san an sa, a rubuta a yarjejeniya wa ke da ikon kashe inji da kuma a wane hali. Bin sawun babur bin sawun mutum ne, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Mai sayen babur na hannu shi ma ya sa a duba masa wayoyi, domin tsohuwar tiraka tana iya kasancewa a ciki tana kai rahoto ga mai shi na da. Inshorar dole da ake yanka tare da takardu ta ɓarnar da aka yi wa wani ce, ba ta biyan sata. Sai cikakkiyar inshora ko takaful da aka rubuta sata a cikinta.

Bayan ɗaurawa, a gwada komai a gaban mai aikin: a tura babur inji a kashe a ga ko saƙo zai zo, a cire kan batir, a shigar da shi ƙarƙashin rufin kwano, a buga kiki bayan an kulle. Wannan gwaji a riƙa maimaita shi sau ɗaya a wata, da duk lokacin da babur ya dawo daga wurin makanike, domin a wajen gyaran fitila ko canza batir ake yawan cire wayar tiraka a manta ba a mayar ba.